"A cire kawai a huta": tiyata da ciwon daji

Jawabin da tawagar likitoci ta gabatar a taron bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaban taro, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawan kasuwa, shugabar mata, Alhazai da Hajiyoyi, da baƙin da suka tsallako iyaka don wannan rana, muna yi muku barka da zuwa. Muna taya ku murnar ganin wannan shekara, Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya ji ƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya.

Kwamitin walwala ne ya zaɓa mana abin da za mu yi magana a kai. Sun ce a cikin takardun neman taimako da ke zuwa asusunku, na ciwon daji sun fi kowanne cin kuɗi, kuma kusan duka da kalma guda suke zuwa: an ce a yi aiki. Sai a yi karo-karo, wannan ya ba da naira, wancan ya ba da sefa, na Kumasi su aiko da nasu, a yi aikin, a yi barka. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai wata takardar ta dawo da sunan mutumin nan dai. Daga nan sai a fara tambaya: ba an cire ba? Wasu su ce likita bai iya ba, wasu su ce an ci kuɗinsu, wasu su ce dama daji ba ya son ƙarfe. Wannan tambayar muke so mu amsa yau.

Tambayar tana da dalili. Yawancin tiyatar da kuka sani haka take. Afendis ya kumbura, an cire, magana ta ƙare. Ƙaba ta sauko, an ɗinke, mutum ya koma rumfarsa. Haƙori ya ruɓe, an tuge. To me zai hana a yi wa nono ko mahaifa ko ƙoda haka?

Abin da ya hana shi ne yadda ciwon yake. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace tana da ƙa'ida: ta rabu biyu in an buƙata, ta tsaya a wurinta, ta mutu in lokacinta ya yi. Ciwon daji yana farawa ne in ƙwaya ɗaya ta saɓa wannan ƙa'ida, ta ci gaba da rabuwa ba tsayawa. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Ku da kuke lissafi kun san abin da ninki yake yi. Kafin ƙari ya kai girman ƙwayar gyaɗa, wato wajen santimita ɗaya, an ninka kusan sau 30, kuma ƙwayoyin da ke cikinsa sun doshi biliyan ɗaya. A lokacin ne hannu ke fara jin sa. Ke nan ranar da Hajiya ta ji ƙullutu a nononta, ciwon ya daɗe a wurin, sau da yawa shekaru.

A cikin waɗannan shekarun wasu ƙwayoyin sukan koyi tafiya. Hanya biyu suke bi. Ɗaya ita ce hanyar ruwan jiki da ke bi ta cikin kaluluwa, shi ya sa ciwon nono yakan fara bayyana a hammata. Ɗayar ita ce jini, wanda ba inda ba ya zuwa: hanta, huhu, ƙashi, ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ta sauka a can tana iya kwanciya shiru na tsawon shekaru. Hoton asibiti mafi tsada ba ya ganin abin da bai kai 'yan milimita ba. Saboda haka in likita ya duba hoto ya ce bai ga komai a huhu ba, gaskiya ya faɗa, amma iyakar abin da na'ura ta gani ya faɗa.

'Yan hatsi da ke nan za su gane wannan da sauri. Ka sayi wake a Dawanau ko a Maraɗi, ka zuba a sito, bayan wata biyu ka ga buhu ɗaya ya yi ƙwari. Ka fitar da shi ka yar. Daidai ka yi, barin sa ɓarna ne. Amma wane ɗan kasuwa ne zai kulle sito ya tafi ya ce ya gama? Ya san ƙwaron tun daga gona yake sa ƙwai a jikin waken, buhun da ke kusa yana iya zama fes a ido alhali da ƙwai a ciki. Shi ya sa kuke sa magani, ko ku zuba a buhu mai ninki uku da ba ya shan iska, kuna kuma leƙawa lokaci-lokaci.

Mu likitoci ma mun daɗe kafin iliminmu ya kai nan, kuma labarin yana da amfani. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai wani babban likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, sunansa William Halsted. A 1894 ya wallafa sakamakon aikin da yake yi wa masu sankarar mama: yana cire nonon duka, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Tunaninsa shi ne ciwon yana yaɗuwa ne a hankali daga inda ya fara zuwa maƙwabta, saboda haka in ka yanka da faɗi za ka riga shi. Aikin ya rage dawowar ciwon a ƙirji sosai, ba ƙaramin ci gaba ba ne a zamaninsa. Waɗanda suka biyo bayansa wasu suka ƙara faɗaɗa yankan har zuwa wuya da ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Mata suka riƙa fita da ƙirji a rame da hannu a kumbure, kuma da yawansu suka ci gaba da mutuwa da ciwon a hanta da ƙashi. Kusan shekara 70 ana haka.

Tun a 1889 wani likita a Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura ciwon yana da wuraren da ya fi son sauka, kamar yadda iri ke tsira a ƙasar da ta dace da shi kaɗai. Amma sai a shekarun 1970 aka gwada maganar da gwaji na ƙwarai. Bernard Fisher na Pittsburgh ya jagoranci bincike daga 1971 inda aka raba mata gida-gida, wasu aka yi musu babban aikin Halsted, wasu aka yi musu ƙarami. Bayan shekara 25 ana bin su, ba a ga bambanci a yawan waɗanda suka rayu ba. A 1976 ya fara wani gwajin: wasu aka cire nonon duka, wasu aka cire ƙullutun kaɗai. Nan ma tsawon rai bai bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne, a cikin waɗanda aka cire wa ƙullutun kaɗai, in ba a yi musu gashi da na'ura ba ciwon ya dawo a nonon ga kusan 39 cikin 100, in an yi gashi kuwa ga kusan 14. A Milan ta Italiya Umberto Veronesi ya samu sakamako irin wannan, kuma a 1976 ɗin Gianni Bonadonna, shi ma a Milan, ya nuna cewa ba da maganin kemo bayan tiyata yana rage dawowar ciwon.

Ma'anar wannan duka: girman yanka ba ya kamo ƙwayar da ta riga ta bar gida. Abin da ke kamo ta shi ne maganin da ke bin jini. Daga nan aka samo tsarin da ake bi yau. Wuƙa tana ɗauke abin da ake gani. Gashi yana ƙone abin da ya rage a kewayen wurin. Kemo da magungunan haɗiya suna bin wanda ya yi nisa. Wani lokaci ma kemo ake fara yi don ƙarin ya motse kafin a yanka.

A nan sai mun yi hattara, kada wani ya fita daga zauren nan ya ce likitoci sun ce aiki ba shi da amfani. Wallahi ba mu ce ba. A ciwon daji mai ƙari, irin na nono da hanji da ƙoda, yawancin waɗanda suka warke sarai da tiyata a cikin maganinsu, kuma in an kama shi da wuri wani lokaci ita kaɗai ta isa. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura ta kashe mutane da yawa, muna ganinsu. Ga asalin maganar: mace ta ɓoye ƙullutu shekara biyu, ana shafe-shafe da turare, wani lokaci har wanzami ya tsaga, sai ya fashe yana wari sannan a kawo ta. A yi aiki don a rage mata wahala, bayan wata shida ta rasu. Sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Ciwon ya riga ya isa hanta tun kafin ta shigo ƙofar asibiti. Ita kuma maƙwabciyarta da ta zo da ƙullutu kamar ƙwayar gujiya, aka yi mata aiki ta warke, ba wanda ya san labarinta domin ba ta faɗa wa kowa ba.

Akwai kuma nau'in da wuƙa ba ta da abin kamawa a cikinsa. Sankarar jini daga ɓargo take, tana ko'ina tun ranar farko. Ciwon nan da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, ƙato ne a ido, amma maganinsa kemo ne, kuma yana narkewa da sauri in an fara da wuri.

Bari mu tsaya a kan hanta, domin ita ce ta fi shafar maza a zauren nan. Ciwon dajin hanta a yankinmu yawanci daga ƙwayar cutar hanta nau'in B yake tasowa, wadda mutane da yawa suka ɗauka tun suna yara ba su sani ba. Gubar da ke cikin gyaɗa da masara masu fumfuna, wadda ake kira aflatoksin, tana ƙara haɗarin ninki-ninki ga mai wannan ƙwayar. Ku da ke ajiye hatsi, wannan magana taku ce ta fuska biyu: kayan da aka ɗure da danshi yana cutar da mai saye, yana kuma cutar da gidan mai kayan, tunda gyaɗar da aka tsince aka ce ba ta sayuwa sau da yawa ita ke komawa tukunyar gida ko ƙuli-ƙuli. To in ƙari ya fito a hanta fa? Ba a rayuwa ba hanta, don haka ba a cire ta duka. Lafiyayyar hanta ana iya yanke kusan kashi biyu cikin uku nata ta sake tofowa, ikon Allah. Amma hantar da cutar B ta ci shekara 30 ta ƙanƙance ta yi tauri ba ta jure wannan. Ko an samu an yanke ƙarin, sauran hantar mai ciwo ce, tana iya fitar da sabo, kuma fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin ciwon yakan dawo musu cikin shekara biyar.

Sai a ce to a je Indiya ko Masar a yi dashe. Dashen hanta yana da sharaɗi. Ƙa'idar da aka fi bi, wadda aka fitar a Milan a 1996, ita ce ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko kuma waɗanda ba su wuce uku ba kowanne bai wuce santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiyar jini ba, bai fita daga hantar ba. Dalili kuwa, wanda aka yi wa dashe zai sha maganin rage garkuwar jiki har ƙarshen ransa, in kuma akwai ƙwayar daji da ta ɓuya, wannan maganin buɗe mata ƙofa yake yi. Yawancin masu zuwa mana sun wuce wannan ma'auni nesa. In dillalin asibiti ya ce muku a turo kuɗi za a yi dashe alhali bai nemi hoton hanta da sakamakon jini ba, ku riƙe kuɗinku. Abin da ya fi arha a nan shi ne gwajin cutar B, da allurar rigakafi ga jariri cikin awa 24 da haihuwa, da ƙwayar magani ta kullum ga wanda likita ya ga yana buƙata.

Iyayenmu mata, ga taku. Macen da ta daina al'ada sai jini ya dawo, ko mai ganin jini bayan kwanciyar aure, sau da yawa akan ce a cire mahaifa a huta, tunda ta gama haihuwa. In sankarar bakin mahaifa ce kuma tana matakin farko, tiyata tana warkarwa, amma aiki ne na musamman mai faɗi, ba irin wanda ake yi wa ƙarin mahaifa na yau da kullum ba. In ta riga ta bazu zuwa gefe, wuƙar ta tsakiyar ciwon za ta bi, a bar rabi a ciki, a kuma ɓata makonnin da ya kamata a ce ana gashi. Maganin wannan matakin gashi ne haɗe da kemo, kuma ana so a kammala cikin mako takwas. Saboda haka kada a yarda a cire mahaifa saboda zubar jini sai an duba bakinta, in an ga abin zargi an ɗan yanki tsoka an gwada. Rigakafin wannan ciwon yana nan: Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a Oktoban 2023.

Dattawa kuma, ciwon gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda ake kira furostet. In ya kai ƙashi, wani lokaci likita zai ba da shawarar cire 'ya'yan maraina ko yin allurar da ke aikin haka. Charles Huggins na Chicago ne ya nuna amfanin wannan a 1941, har ya samu kyautar Nobel a 1966. Yana kwantar da ciwon, yana sauƙaƙa zafin ƙashi, mutum ya samu shekaru. Amma a sani kwantarwa ce, bayan wani lokaci ciwon yakan koyi girma ba tare da sinadarin mazakuta ba, sai a canza magani.

Wani ya tambaye mu a waje, tunda haka ne me zai hana a cire tun kafin ciwon ya zo, kamar yadda 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta yi a 2013. Ita an gwada an samu ta gaji wata tawaya a ƙwayar gado mai suna BRCA1, wadda ke sa haɗarin ya yi yawa ƙwarai. Masu irin wannan kaɗan ne, kuma ko su aikin rage haɗarin yake yi da kusan kashi 90 cikin 100, ba ya kawar da shi ƙaf. Sannan kowace gaɓa da aikinta. Wanda aka cire wa tumbi zai ci abinci kaɗan-kaɗan, yana karɓar allurar bitamin B12 muddin ransa. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata hannunta yana iya kumbura. Mai ƙoda ɗaya yana rayuwa lafiya, amma sai ya kiyayi hawan jini da shan maganin ciwon jiki barkatai, abin da direbobi da masu doguwar tafiya suka saba.

Yanzu ga abin da ya shafi asusunku da tafiye-tafiyenku. In an kawo takarda an ce kuɗin aiki kaza ne, wannan kuɗin mota ne zuwa zangon farko. Ku tambayi na sauran hanyar. A sankarar mama, kemo yawanci zagaye shida zuwa takwas ne, duk bayan mako uku. Gashi kwana biyar a mako ne, na mako uku zuwa biyar, kuma ba kowane gari ke da na'urar ba. Akwai a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Yamai ta samu tata a 2021. A Gana akwai Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi, a Kamaru akwai Duwala. Khartum da mutanenmu suka saba zuwa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe wannan hanyar. Na'urorin nan sukan lalace, layi kuma yana da tsawo, don haka a buga waya kafin a kama hanya, a kuma sa kuɗin masauki da na mai jinya a lissafi. Bayan haka wasu za su sha ƙwayar tamoksifen shekara biyar zuwa goma. Shawararmu ga kwamiti ita ce a riƙa raba taimakon kashi-kashi a kan dukan maganin. Mun sha ganin an tara kuɗi mai yawa an kashe duka a asibitin kuɗi a ƙasar waje wajen aikin da za a iya yi a Kano ko Yamai, mutum ya dawo ba ko sisin kemo. Da an yi aikin a gida, kuɗin da ya isa har ƙarshe.

Ku tuna kuma iyaka tana rufuwa. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Kaya suna iya jira a Jibiya ko Ƙonni, amma kemon da aka yi uku aka tsaya wata huɗu ya rasa yawancin amfaninsa. In da hali, a yi maganin mai tsawo a ɓangaren iyakar da mutum yake kwana.

Sai takardu. Ba wanda zai tsallaka da tirela ba takardar kwastan, amma kullum muna karɓar majinyaci da aka yi wa aiki a wata ƙasa, abin da ya zo da shi tabo ne kawai. Duk abin da aka cire daga jikin mutum dole a kai shi ɗakin gwaji a duba a madubin likita. Wasu iyalai sukan karɓa su binne, muna girmama niyyarsu, amma a bari a gwada tukuna. Wannan sakamakon ne ke faɗin wane irin daji ne, ko gefen abin da aka yanko ya fita tsaf, kaluluwa nawa ya kama, da kuma wane magani zai ji. In babu shi, likita na gaba lalube zai yi. Ku karɓi sakamakon, da bayanin aikin da aka yi, da sunayen magungunan kemo da ranakun da aka ba da su. Ku ɗauki hotonsu a waya. In da Faransanci ne kuma Kano za ku, ko da Turanci ne kuma Yamai za ku, a samu ma'aikacin lafiya ya fassara, kada a ba yaron shago. Kuma kafin ku sa hannu a takardar aiki, ku tambayi likita kai tsaye: ciwon yana mataki na nawa, wannan aikin don warkarwa ne ko don rage wahala, me zai biyo bayansa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Aikin rage wahala ma yana da daraja, mutum ya samu ya ci abinci, ya yi salla ba wari, amma gara iyali su san wanne suke biya.

Shugaban taro ya ɗaga mana hannu, lokaci ya yi. Abokan aikinmu suna rumfar da ke bayan zaure har zuwa la'asar, ana gwajin cutar hanta B da awon hawan jini, akwai kuma ɗaki daban da ma'aikaciyar jinya mace don duba nono. Wanda yake da takardun wani majinyaci a gida ya kawo mu duba tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lami lafiya.